Shirun Marar Lauya A Gaban Alƙali

A jihar Filorida ta ƙasar Amurka, idan banki ya kai mutum ƙara yana neman a sayar da gidansa saboda bashi, doka ta ba shi kwana 20 daga ranar da aka miƙa masa sammaci ya mayar da martani a rubuce. Idan kwanakin suka cika bai ce uffan ba, lauyan banki yana iya neman kotu ta ɗauka cewa mutumin ya amince da duk abin da aka faɗa a kansa. Daga nan sai hukunci, sai a tsayar da ranar gwanjo. Ba lalle ne alƙalin ya taɓa ganin fuskar mai gidan ba.

Yawancin Amurkawa da bashi suke sayen gida, bashin da ake biya wata-wata, sau da yawa har tsawon shekara 30, gidan kuma shi ne jingina. A wasu jihohin, irin su Kalifoniya da Tekzas, mai ba da bashi yana iya kai gidan gwanjo ba tare da ya bi ta kotu ba. A wasu kuma, irin su Filorida da Niyok, dole sai ya shigar da ƙara. Waɗannan na biyun su ne abin dubawarmu, domin a nan ne doka ta yi wa mutum alkawarin za a saurare shi kafin a raba shi da muhallinsa. Tambayar da muke son mu auna ita ce: idan mutum ba shi da kuɗin lauya, kuma gaskiya ne ya kasa biyan bashin, an zalunce shi idan ya rasa gidan ba tare da wani ya tsaya masa ba? Ko kuwa shari'a ce kawai ta yi aikinta?

Sai mun ɗan koma baya kafin mu gane yadda ƙasar ta raba wannan gardama. A 1961 an kama wani talaka mai suna Clarence Earl Gideon a garin Panama City na Filorida, bisa zargin fasa wani gidan wasan sunuka. Ya roƙi kotu ta ba shi lauya, aka ce dokar jihar ba ta tanadi haka ba sai ga wanda ke fuskantar hukuncin kisa. Ya kare kansa iya ƙoƙarinsa, aka yanke masa shekara 5. Daga gidan yari ya rubuta wa Kotun Ƙoli ƙorafi da fensir. A watan Maris na 1963 alƙalan kotun su 9 suka amince baki ɗaya cewa wanda ake tuhuma da babban laifi, idan ba shi da hali, wajibi ne hukuma ta ba shi lauya. Da aka sake shari'ar yana da lauya, sai aka wanke shi. Mutum ɗaya, tuhuma ɗaya, amma sakamako biyu.

Sai dai wannan haƙƙi ya tsaya ne a shari'ar laifi. A 1981, a shari'ar wata uwa daga jihar Karolina ta Arewa da hukuma ke neman soke haƙƙinta a kan ɗanta, Kotun Ƙoli ta ce a bisa asali ana ba da lauya kyauta ne ga wanda zai iya rasa 'yancin jikinsa, wato wanda ɗauri ke jiransa. Saura kuma sai a duba kowace shari'a da yanayinta. Ke nan wanda ake tuhuma da fasa shago yana da lauya a kan kuɗin gwamnati, amma wanda za a ƙwace wa gidan da ya yi shekara 15 yana biya, shi ta kansa yake yi.

Akwai hikima a wannan iyaka, bai kamata mu yi watsi da ita ba. A shari'ar laifi hukuma ce da kanta ke tuhuma, da 'yan sandanta da kurkukunta, don haka ita ya kamata ta daidaita ma'auni. Amma idan muka dubi ƙarshen shari'ar gida, za mu ga hukumar ba ta yi nisa ba. Alƙalinta ne ke sa hannu, jami'inta ne ke zuwa ya canza kwaɗon ƙofa. Kuma gida ba kamar sauran dukiya ba ne. Adireshinsa ne ke yanke makarantar da yara za su shiga, shi ne ke sa mutum kusa da wurin aikinsa, ga iyalai da yawa kuma shi kaɗai ne abin da za su bar wa 'ya'ya. Wanda ya rasa shi ba a ɗaure shi ba, amma rayuwarsa ta watse.

To, wani zai ce, kuma maganarsa tana da ƙarfi: ai ya ci bashi, ya sa hannu, bai biya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma biyansa wajibi ne. Kuɗin da aka ba shi ma ba daga sama suka faɗo ba, a ciki akwai ajiyar wasu da kuɗin fanshon ma'aikata. Me lauya zai ƙara in ban da jan lokaci? Gaskiya ɗaya ce, da lauya ko babu.

Abin da ya faru a 2010 shi ne amsa mafi kyau da muka sani ga wannan magana. Bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, miliyoyin gidaje sun shiga layin gwanjo. A kowace ƙara, banki yana gabatar da takardar rantsuwa inda ma'aikacinsa ke shaida cewa ya duba bayanan bashin da kansa, ya tabbatar da adadin, ya kuma sa hannu a gaban jami'in shaida. A jihar Meyin, wata mata da ta rasa aikinta ta nemi taimakon wata ƙungiyar lauyoyin talakawa mai suna Pine Tree Legal Assistance. Fayil ɗinta ya faɗa hannun Thomas Cox, wani dattijon lauya mai aikin sa kai, wanda a baya bankuna yake yi wa aiki. Ya lura da sa hannun mutum ɗaya yana maimaituwa a takardu da yawa, sai ya nemi a yi wa wannan ma'aikaci na kamfanin GMAC tambayoyi a ƙarƙashin rantsuwa. Ma'aikacin ya amsa cewa ba ya karanta takardun da yake sa wa hannu, kuma jami'in shaida ba ya wurin lokacin da yake sa hannun. Adadin da ke bi ta hannunsa kuwa ya kai kusan 10,000 a wata.

Mu lissafa. Kwanakin aiki 22 a wata, awa 8 a rana, minti 10,560 ke nan. Wato kusan minti ɗaya ga kowace takarda, idan bai tashi cin abinci ba.

A watan Satumba na 2010 GMAC ya dakatar da ƙwace gidaje a jihohi 23. JPMorgan Chase ya bi sahu, Bank of America kuma ya dakatar a duk jihohi 50 na ɗan lokaci. A farkon 2011 babbar kotun jihar Masachusets ta soke gwanjon wasu gidaje biyu saboda U.S. Bank da Wells Fargo sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin da suka sayar da gidajen, domin an yi ta sayar da basussukan daga hannu zuwa hannu har takardun suka rikice. A Fabrairun 2012 manyan kamfanoni 5 suka cimma sulhu da gwamnatin tarayya da jihohi 49 a kan kimanin dala biliyan 25. Abin da ya shiga hannun kowane mai gida da aka riga aka kora, a cikin kason da aka ware musu, bai kai dala 2,000 ba.

Abin lura shi ne, waɗannan takardun sun daɗe suna wucewa ta gaban alƙalai. Ba a ɓoye suke ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce, "A nuna mana." Matar nan ta Meyin ba ta musa cewa ta daina biya ba, amma hakan bai mayar da rantsuwar ƙarya ta zama gaskiya ba. Tsarin shari'ar Amurka, wanda ya samo asali daga na Ingila, an gina shi ne a kan cewa ɓangarori biyu za su fafata, alƙali ya zauna tsakiya yana kallo, gaskiya ta fito daga fafatawar. Idan ɓangare ɗaya bai zo ba, ko ya zo bai san yadda ake fafatawar ba, tsarin ba shi da wata hanya ta biyu ta gano gaskiya. Abin da aka kawo masa shi zai buga wa hatimi. Don haka maganar cewa "ai gaskiya ne ana binsa bashi" tana ɗaukar abin da ake neman tabbatarwa a matsayin abin da aka riga aka tabbatar. Nawa ake binsa? Wa ke binsa? An aika masa sanarwar da doka ta tanada? Kuɗin tara da aka ɗora daidai ne? Kotu ba ta san ko ɗaya ba sai an gwada.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, akwai wata kalmar Turanci da ke sa mu tsaya a wannan gaɓa, wato difolt. Ita ce kalmar da ake amfani da ita idan mutum ya kasa biyan bashi. Ita ce kuma sunan hukuncin da ake yanke wa wanda bai amsa sammaci ba. A wurinmu kuwa tana nufin zaɓin da manhaja ke yi wa mutum idan shi bai zaɓi komai ba: ƙarar da wayarka ke yi tun daga shago, harshen da take magana da shi, injin binciken da ke buɗewa idan ka taɓa intanet.

Darasi na farko da aikin ke koya mana shi ne, mafi yawan mutane ba sa canza wannan zaɓi. Yadda suka tarar da abu haka suke barinsa. Kamfanoni sun san haka sarai. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ya fito fili cewa a shekarar 2022 kaɗai kamfanin ya biya Apple kimanin dala biliyan 20 don ya zama shi ne injin binciken da ke zuwa a saite a na'urorinsa. Canza shi bai fi 'yan daƙiƙu ba, amma ana biyan wannan maƙudan kuɗi saboda an san ba za a canza ba. Darasi na biyu shi ne, babu zaɓin asali da ya faɗo daga sama. Wani ne ya zauna ya yanke abin da zai faru idan mai amfani ya yi shiru, kuma wannan shawara tana da wanda take amfana. Shi ya sa mai rubuta manhaja na kirki yake bin wata ƙa'ida: idan abin da za a yi ba ya gyaruwa, kamar goge dukan hotunan mutum, shiru ba ya zama izini. Sai manhaja ta sake tambaya, wani lokaci ma ta ajiye abin da aka goge na wasu kwanaki ko mutum zai dawo.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan shari'ar gida, sai mu ga ana kiyaye hotunan waya fiye da yadda ake kiyaye rufin kan iyali. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, amma ba su ce kullum "na yarda" take nufi ba. Wanda sammaci ya iske yana iya yin shiru saboda kunya, bai ma faɗa wa matarsa ba. Yana iya yin shiru saboda tsoro ya hana shi buɗe ambulan. Wani aiki biyu yake yi, ba shi da ranar zuwa kotu. Wani kuma kullum yana waya da ma'aikatan banki a kan sassauta masa biya, yana zaton wannan ita ce amsarsa, alhali sashen lauyoyin bankin yana can yana ci gaba da ƙarar. Tsarin da ya tattara duk waɗannan ya fassara su da amincewa ya ɗauki ɓangare tun kafin a fara zama.

Ko wanda ya daure ya rubuta amsa da hannunsa bai tsira ba. A dokokin jihohi da dama akwai hujjojin da idan ba ka ambace su a takardarka ta farko ba, ka yafe su. Yana iya rubuta shafi 3 yana bayanin rashin lafiyar matarsa da yadda aka sallame shi daga aiki, duk gaskiya ne, amma ba su ne abin da kotu ke nema ba. Jimla ɗaya da ke neman banki ya tabbatar shi ne mai bashin ta fi su nauyi, shi kuwa bai san da ita ba. Ga kuma wani abu mai ɗaci: yarjejeniyar bashin gida yawanci tana ba mai ba da bashi damar ɗora kuɗin lauyansa a kan bashin. Mutumin da ya kasa ɗaukar lauya don kansa shi ake lissafa wa kuɗin lauyan da ke ƙararsa.

Me ya sa alƙali ba zai taimaka masa ba? A nan akwai ƙulli na gaske. Idan alƙali ya ce wa marar lauya, "Tambaye su takarda kaza," ya zama lauyansa, ɗaya ɓangaren kuma yana da haƙƙin ya yi ƙorafi. Idan ya yi gum, yana kallon mutum yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Wannan matsala tsohuwa ce. Ma'anar wani hadisi sananne da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Salama ita ce, ɗaya daga cikin masu jayayya yana iya fin ɗan'uwansa iya tsara hujja, a yanke masa bisa abin da aka ji, amma hukuncin bai halatta masa abin da ba nasa ba. Abu biyu ke cikin wannan. Iya magana tana karkatar da shari'a, kuma nauyin bai ƙare a kan alƙali ba, yana kan wanda ya yi nasara. Bankin da ya san takardunsa ba su cika ba, ya kuma san abokin shari'arsa ba zai gane ba, bai kuɓuta don kotu ta ba shi gaskiya ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ba a kauce mata. Ba kowa lauya kyauta yana da tsada, kuma idan kowace ƙara ta ɗauki shekaru, bankuna za su ƙara tsadar bashi, wanda zai fi cutar da matashin da ke neman gidansa na farko. Hukumar Legal Services Corporation da majalisar Amurka ta kafa a 1974 don tallafa wa lauyoyin talakawa ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kashi 92 cikin 100 na manyan matsalolin shari'ar da ba ta laifi ba da masu ƙaramin ƙarfi ke fuskanta ba sa samun taimakon lauya ko kaɗan, ko ba sa samun isasshe. Ƙungiyoyin da take tallafawa suna mayar da kusan rabin masu neman taimako saboda rashin hannu. Wanda albashinsa ya ɗan haura iyakar da aka sa kuwa, ya fi ƙarfin taimako, bai kuma kai ɗaukar lauya ba.

Amma tsada ba ta goge haƙƙi, tana dai tilasta mana neman hanya. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a shari'ar Airey da ƙasar Ayilan a 1979, ta ce ƙofar kotu da mutum ba zai iya amfani da ita a aikace ba ba ta cika haƙƙinsa na a saurare shi ba, ta kuma bar wa ƙasashe zaɓi: su ba da lauya, ko su sauƙaƙa tsarin. A Amurka ma an gwada hanyoyin biyu. Birnin Filadelfiya ya fara a 2008 wani tsari da ke zaunar da banki da mai gida, tare da mai ba da shawara kyauta, kafin a yi gwanjo. Jihar Niyok ta wajabta irin wannan zaman sulhu a kotu, sannan a 2019 ta yi dokar da ta ce mai gida bai rasa damar tambayar ko mai ƙara ne ainihin mai bashin ba don kawai bai ambata a amsarsa ta farko ba. Dokar tarayya da ta fara aiki a 2014 ta hana fara ƙwace gida sai bashin ya haura kwana 120 ba a biya ba. Birnin Niyok kuma a 2017 ya ba masu haya marasa ƙarfi haƙƙin lauya idan ana neman korarsu. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya yafe wa kowa bashi. Abin da suka canza shi ne abin da ke faruwa idan mai rauni bai san abin da zai ce ba.

A fagenmu akwai masu ganin manhaja za ta cike gurbin lauya, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shiga aljihun kowa. Tana da amfaninta. Tana iya fassara sammaci zuwa harshen da mutum ke ji, ta tuna masa kwanakin da suka rage, ta nuna masa ofishin taimako mafi kusa. Amma a 2023 wata kotun tarayya a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yankewa ba. Idan masu digirin shari'a sun faɗa wannan rami, ina ga wanda ke karantawa da tsakar dare hankalinsa a tashe? A 2024 kuma hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta sa kamfanin DoNotPay, wanda a da yake tallata kansa a matsayin lauyan mutum-mutumi, biyan dala 193,000 saboda iƙirarin da bai tabbatar ba. Abin da Thomas Cox ya yi, wato ya zaunar da mutum a ƙarƙashin rantsuwa ya tambaye shi ko ya karanta abin da ya sa wa hannu, aiki ne na wanda doka ta ba matsayi, wanda kuma zai ɗauki alhaki idan ya yi kuskure. Bai dace a miƙa wa talaka manhaja a bar wa mai kuɗi lauya, sannan a ce an daidaita su ba.

Matsayarmu ke nan. Mutum yana iya cancantar ya rasa gidansa, a kuma zalunce shi a hanyar da aka bi aka karɓe. Biyan bashi wajibi ne a kansa, tabbatar da da'awa wajibi ne a kan mai ƙara, ɗaya ba ya sauke ɗaya. Al'ummar da ta hana mutane ƙwatar haƙƙinsu da ƙarfin tuwo ta ce su zo kotu, ta ɗauki nauyin sanya kotun ta zama wurin da za su iya magana. Idan ba za ta iya ba kowa lauya ba, to aƙalla kada hukuncin raba iyali da gida ya fita sai alƙali ya ga takardun da idonsa ya gamsu da su, ko mai gida ya zo ko bai zo ba.

Akwai kuma rabon da ya rage a hannun sauran jama'a, a Amurka ko a ko'ina sammaci ke isa ƙofar talaka. Kunya ce ke cinye kwanakin nan 20 fiye da komai. Wanda ya samu ɗan'uwa ko maƙwabci da zai zauna kusa da shi su buɗe ambulan tare, su duba ranar ƙarshe, su nemo ofishin lauyoyin sa kai, su tabbatar an shigar da amsa ko da ba ta cika ba, ya riga ya fita daga layin waɗanda ake yanke wa hukunci a bayan idonsu. Wataƙila gidan ya tafi duk da haka. Amma banki zai kawo takardunsa, alƙali zai karanta su, mai gidan kuma zai ji da kunnensa dalilin da ya sa.